Rakiyar da Ban Yi wa Aminina Ba

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunshi. A shekarar da abin nan ya faru ni matashin malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Gazawa, cikin waɗanda ake ɗauka kwantiragi. Ban yi aure ba tukuna, ina zaune a ɗakin ƙofar gidanmu, tsohuwata na cikin gida tana dafa mani. Yaro da babba kowa Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakol a wajenmu, ni kuma sunan yana yi mani daɗi fiye da yadda ya kamata. Allah Ya ba ni baki, wannan ba yabon kai ba ne. In samari biyu suka saɓa ni ake kira, in za a je gaida iyayen yarinya ni ake sa wa gaba, har na ɗauka a raina cewa duk unguwarmu ba wanda ya fi ni sanin haƙƙin mutane. Da wani ya ce mani a lokacin zan zauna ina kallo auren aminina ya mutu, da sai mun kai ga maigari da shi.

Aminin nan nawa tare muka tashi, tare muka yi makarantar allo, tare aka sa mu lakol. Shi bai yi nisa ba, don babanshi ya rasu ya bar mashi gona da ƙanne, sai ya koma noman gero da aya. Mutum ne marar magana, in ka ba shi goma da ƙyar ya maido maka ɗaya, ga kunya ga zuciya. Da ya ga yarinyar da yake so a Cadawa, ni na zama bakinshi. Ni na yi ta zirga-zirga a moto, wato babur, tsakanin garuruwan nan biyu, ni na zama babban abokin ango. Mahaifin yarinyar dattijo ne mai tsauri, ba kowa yake sakar wa fuska ba, amma jininmu ya haɗu. Ranar ɗaurin aure ya ja ni gefe ya ce ya ga surukin nashi ba mai iya magana ba ne, saboda haka duk ranar da wani abu ya shiga tsakaninsu, fuskata yake son ya fara gani kafin ta kowa. Na dafa ƙirji na ce in sha Allahu ba zai taɓa nemana ya rasa ba. Allah Ya ba su 'ya mace, suka zauna lafiya har aka yaye ta.

Ana gab da ba mu hutun damina, ƙanena da ke karatu a Yamai ya aiko mani da tsohuwar kwamfutarshi, wai in riƙa shirya darasi da ita. Darasi kam ban shirya ko ɗaya ba. A cikinta na tarar da wani wasa da ban taɓa ganin irinshi ba. Ni na san wasan ƙwallo da na tseren mota a waya, wanda za ka taɓa ka ajiye. Wannan kuwa labari ne mai tsawo, da Faransanci, kai ne jarumin ciki, kana yawo daga gari zuwa gari tare da abokan tafiya. Duk wanda ka yi magana da shi, amsoshi za su fito a jere ka zaɓi wadda kake so, kuma abin da ka zaɓa yana da sakamako. Ka yi wa wani alheri ya riƙe maka, ka ci mutuncin wani ya tare ka a gaba. Abokan tafiyar nan kowa da halinshi, akwai mai son gaskiya, akwai mai son abin duniya, kuma suna kallon duk abin da kake yi. Wanda ya ji daɗinka zai ƙara matsowa, wanda ka ɓata wa rai zai iya tattara kayanshi ya bar ka. Ni da nake taƙama da sanin hannun mutane, ai sai na ga an kawo mani gonata. Na sayi ƙaramin farantin sola da batir don kada yankewar wuta ta katse ni, na shige ɗaki.

A cikin abokan tafiyar akwai wani ƙato mai gatari, fuska a murtuke, ba ya son surutu. Shi ya fi shiga raina, kuma yanzu na san dalili, ko da yake a lokacin ban haɗa ba. Ka'idar wasan ita ce, in kun yi tafiya kun gaji sai ku sauka a zango, kowa ya tsaya a gefen wuta. Duk wanda ke da magana a cikinshi, wata alama za ta fito a saman kanshi, sai ka je ka tambaye shi. Kuma ba gaggawa. Ko ka bar shi ka tafi yaƙe-yaƙenka ka daɗe, in ka dawo yana nan tsaye inda ka bar shi, da alamarshi, da maganarshi ba ta canza ba. Sannan in ka yi kuskuren zaɓi, kana iya komawa inda ka ajiye wasan ka sake. Akwai lokacin da na yanke wata shawara a kan mutanen wani ƙauye, ƙaton nan ya yi fushi ya ce ya bar tafiyar. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na koma baya na zubar da wasan kwana da kwanaki, na sake bi a hankali ina auna kowace amsa, har sai da na samu hanyar da ya zauna tare da ni. Da ya buɗe baki ya ba ni labarin ɗan'uwanshi da aka kashe, sai da na ji ƙwalla.

Kafin a ce me, fadarmu ta samari da ke zama gindin dalbejiya ta dawo ɗakina. Bayan azahar waɗanda suka taso daga gona za su cika tabarma, a ɗora shayi, ina wasa ina fassara masu abin da ake cewa, ana gardama a kan amsar da zan zaɓa. A daidai wannan lokacin ne, farkon shuka, matar aminina ta tafi Cadawa da 'yarsu. Da aka tambaye shi ya ce ta je ganin gida. Tsohuwata ta same ni wata safiya ta ce ita fa ba ta yarda da wannan ganin gidan ba, mace ba ta barin mijinta ana tsakar shuka haka kawai, in je in ji ko lafiya. Na ce mata harshe da haƙori ma suna saɓawa, zan bi ta kai. A raina kuwa na ajiye maganar kamar yadda nake ajiye ta mutanen zango, ina cewa tana nan, in na samu sarari zan je. Abin da ban sani ba shi ne saki ne ya fita daga bakin aminina, saki ɗaya, kuma tun ranar idda ta fara tafiya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa mai babbar magana ba ya faɗinta a cikin taro. Zai zo ya gaisa, a yi hirar ruwa da ta farashin taki, ya sha shayi, sannan ya ce zai wuce. Kai kuma ka tashi ka sa takalmi ka taka mashi. A hanyar nan, in kun bar idon mutane, nan zai rage tafiya ya ce dama akwai abin da ya kawo shi. Ni na fi kowa sanin wannan, don da shi na yi suna. Aminina ya fara zuwa bayan la'asar, ƙafafunshi da ƙasar gona, ya samu lungu ya zauna. Ba ya sa baki a gardamarmu. In ya ɗan jima sai ya miƙe ya ce mani shi zai wuce, ni kuma idona a kan gilashin kwamfuta in ce to madalla, ya gaida gida. Gidan da ba kowa a cikinshi nake cewa ya gaida. Yanzu in na rufe ido ina ganinshi a bakin ƙofa, yana ɗaukar lokaci wajen sa takalmin roba da ba ya buƙatar komai, ko ya tsuguna yana taɓa sarƙar kekenshi da ba abin da ya same ta. Jirana yake yi in taso. In ya ga shiru sai in ji ƙarar keken tana nisa.

Wata rana mutane ba su da yawa, ya matso kusa da ni ya tambaye ni wane ne wannan mai gatarin da nake ta fama a kanshi. Na ji daɗi ƙwarai da ya nuna sha'awa, na gyara zama na shiga yi mashi lacca. Na ce mashi mutumin nan yana da ciwo a zuciya amma ba ya faɗa, sai ka lallaɓa shi, sai ka san lokacin da za ka je wurinshi. Na nuna mashi alamar da ke fitowa a kanshi in yana son magana, na ba shi labarin yadda na zubar da wasan kwanaki don kada in rasa shi. Har da cewa na yi irin waɗannan mutanen su ne abokan gaskiya, in ka samu ɗaya ka riƙe da kyau. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya yi ɗan murmushi ya ce lallai wannan bawan Allah ya yi sa'ar aboki. Na yi dariya na ce ai Mushe ba ya wasa da nashi. Kaico, da bakina na faɗi haka.

Zuwan da ya yi na ƙarshe, gero ya riga ya fara fitar da kai. Ya rame, wuyan rigarshi ya yi mashi yawa, na gani kuma na ce wahalar noma ce. Ranar ɗakin a cike yake, muna cikin wani babban yaƙi da ba a iya ajiye wasa sai an gama. Da ya miƙe bai tsaya sa takalmi ba, ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinshi tun muna yara, ya ce in ɗan taka mashi mana. Wanda ya san shi ya san abin da ya ci kafin ya iya furta wannan a gaban mutane. Na ce mashi ya yi mani minti kaɗan in kai zango in ajiye, yanzun nan zan fito. Samari suna ihu, ana cewa in bi ta hagu, in sha magani, in kare mai gatari kada ya faɗi. Muka ci yaƙin. Da na ɗaga kai aka ce ai ya jima da tafiya, ya tsaya a waje har ya gaji. Na ce ba komai, gobe da safe zan same shi a gona. Da safe aka yi ruwa, jibi kuma wani sabon gari ya buɗe a wasan, daga nan ban sake tunawa ba sai jefi-jefi, in na tuna kuma in ce yana nan.

Bai ƙara zuwa ba. Na gama wasan ana shirin komawa lakol, na samu ƙarshe mai kyau, duk abokan tafiyata suna raye, mai gatari ya rungume jarumina ya kira shi ɗan'uwa. Ina cikin wannan jin daɗin tsohuwata ta shigo ɗakina, abin da ba ta saba yi ba, ta tsaya a kaina. Ta ce wata mai sayar da ƙuli da ta dawo daga kasuwar Cadawa ta shaida mata cewa matar aminina ta gama idda, har an karɓi gaisuwar wani ɗan kasuwa daga tsallaken iyaka, za a ɗaura aure Juma'a mai zuwa. Ta tambaye ni ko na je wurin nan da ta aike ni tun farkon damina. Na ce mata ban je ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce kawai Allah Ya shirya, ta fita.

Na same shi a gida yana rairaye aya a tsakar gida, ɗakin matar a rufe da kwaɗo. Ya yi mani maraba kamar kullum, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa, muka gaisa, ya tambayi tsohuwa. Duk bakin nan nawa ya mutu. Da na ga zaman ba zai yi ba na ce zan koma, sai ya karkaɗe hannu ya ɗauki hularshi ya biyo ni, ina tura moto yana gefena, har muka fita bayan gari wajen wata tsamiya. A nan ya faɗa mani komai. Ya ce akuyarta ce ya sayar ya sayi taki ba da saninta ba, da niyyar in kaka ta yi ya maida mata biyu. Da ta gane ta yi faɗa, magana ta yi tsawo har ta taɓo marigayi babanshi, shi kuma zuciya ta ɗebe shi ya furta. Ya ce tun kafin ta kai tasha ya yi nadama, amma ya san ba zai iya tsayawa gaban dattijon nan shi kaɗai ba, kuma ya san wanda dattijon ya ce yana son gani. Kawunshi da zai iya aikawa ba sa ga maciji da surukin tun wata rigimar iyakar gona. Ya ce kullum in ya taso daga gona yana shirya maganar a hanya, in ya zo ya tarar da ɗaki cike sai ya koma da ita gida. Na ce don Allah me ya sa bai aiko mani ko a waya ba. Ya dube ni ya ce ya ɗauka ni ba sai an rubuta mani ba.

Washegari da sassafe na hau moto zuwa Cadawa, ina ta tsara kalamai a hanya, har lokacin ina jin bakina zai iya. Dattijon ya karɓe ni a zaure da mutunci. Bayan mun gaisa ya tambaye ni ko ciwo na yi a daminar nan, na ce a'a. Ya ce ko tafiya ce ta kama ni, na ce a'a, ina gari. Ya gyaɗa kai ya ce to alhamdu lillahi. Na shiga roƙo, na durƙusa, na ce laifin duk nawa ne, a ɗora mani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ya jira tun ana shuka har aka yanke gero, ko kare bai biyo sawun 'yarshi ba, har mutane suka fara cewa abin da ta yi ne ya sa aka yar da ita. Yanzu ya ba wani magana a gaban shaidu, kuma babba ba ya magana biyu. Da zan fita ita kanta ta gaishe ni ta bayan zana, ban ga fuskarta ba. Ta ce mani, ba da faɗa ba, duk moton da ya tsaya a ƙofar gidan a watan farko sai ta ajiye abin da ke hannunta, tana cewa ga Mushe nan ya zo. Ta ce daga baya ta daina tashi. Yarinyar ta leƙo ta gane ni, ta miƙo hannu in ɗauke ta, uwar ta janye ta. Ban san yadda na kawo kaina Gazawa ba.

An ɗaura auren, sun tafi da ita tsallake tare da yarinyar. Aminina yana ganin 'yarshi ne in an kawo ta da salla, kuma karon farko da aka kawo ta, ɓuya ta yi bayan kakarta don ba ta gane shi ba. Ina wurin, na gani da idona. Na san shi ya sayar da akuya, shi ya furta saki, kuma na san abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Mutane sun yi ta faɗa mani haka don su kwantar mani da hankali. Amma ni na san alkawarin da na ɗauka da hannuna a ƙirji, kuma na san tsakanin tabarmata da bakin ƙofar nan ba wata tafiya ba ce.

Ban rubuto don in zagi wasa ba, kuma ba zan ce wanda ya ƙirƙira shi mugu ba ne. Wasan ma ai zumunci yake kwaikwayo, shi ya sa ya kama ni. Illar da ya yi mani ita ce ya saba mani da mutanen da ke jira, waɗanda ba sa ramewa, ba sa jin kunyar taro, in suna da damuwa alama ta fito, in ka ɓata ka koma baya ka gyara. Na ɗauki wannan sabon na shimfiɗa a kan ɗan Adam ban ma san na yi ba. Ina jin daɗin kaina a matsayin aboki nagari a cikin gilashi, alhali na gaske yana tsugune a ƙofata yana taɓa sarƙar keke. Don haka ina roƙon matasa 'yan'uwana, masu kwamfuta da masu waya, ku yi wasanku in kuna so, amma duk wanda ya zo wurinku ya miƙe ya ce zai wuce, ku ajiye abin da ke hannunku ko da ana tsakiyar yaƙi ne, ku sa takalmi. Musamman wanda ba ya magana, musamman in ya fara yawan zuwa ba dalili. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake ba su yi kuskure ba.

Ni da shi ba mu ɓata ba. Bai taɓa ɗaga mani murya ba, da na yi aure shi ya tsaya a kan komai, ranar sunan ɗana shi ya fara isowa. Na nemi gafararshi ya ce ba komai, ya wuce. Yana zuwa gidana, mu sha shayi, mu yi hirar ruwa da ta farashin aya. In ya miƙe ya ce zai wuce, kafin ya rufe baki na riga na sa takalmi. Shi kuma kullum sai ya dafa kafaɗata a bakin ƙofa, da fara'arshi, ya ce Mushe ya yi zamanshi, ai ya san hanya. Shekaru ke nan, har yau bai bari na taka mashi ba.